Maƙalar da Aka Yi wa Shiru: Denis Burkitt da Yadda Ake Auna Tasirin Mai Bincike

 

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma na jami'a ya san yadda ake buɗe fayil ɗin malami. Da ƙirga ake farawa: maƙala nawa ya buga, nawa a mujallun waje, nawa a na gida, a guda nawa sunansa ya zo farko, sau nawa wasu suka kafa hujja da shi. A ƙarshe a tara maki, a ce ya isa ko da saura. Ban zo yau don in ce a daina ƙirga ba. Abin da nake son kafawa shi ne, jerin maƙalun mai bincike kamar sawu ne a kan rairayi, yana shaida cewa an wuce ta nan, amma sai an bi shi har inda ya tsaya kafin a san abin da tafiyar ta haifar. Tasirin mai bincike yana cikin abin da aikinsa ya ba wasu damar yi, kuma mafi yawan wannan ba ya shiga lissafi a lokacin da ake yin lissafin. Zan ɗauki fayil guda in buɗe a gabanku, na likitan da sunansa ke kan wani nau'in ciwon daji na yara wanda ya fi yawa a nahiyarmu, wato Denis Burkitt.

An haife shi a 1911 a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ayalan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama. Ya shiga jami'a a Dublin da niyyar zama injiniya, sai ya koma likitanci, ya gama a 1935, ya ƙware a aikin tiyata, ya yi aikin likitan soja lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1946 ya isa Yuganda a matsayin likitan gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi garin Lira, daga baya aka dawo da shi asibitin Mulago a Kampala. Ba a horar da shi kan bincike ba, ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, kuma shi kansa yana kiran kansa likitan fiɗa na ƙauye. Sai dai tun a Lira halinsa ya bayyana: ya lura cewa gwaiwa ta yi katutu a wani ɓangare na gundumar, alhali a ɗaya ɓangaren da wuya ake ganinta, ya rubuta wannan ya buga. Tambayar da zai yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa ke nan: a ina cuta take, a ina ba ta, kuma me ya bambanta wuraren biyu?

A 1957 abokin aikinsa Hugh Trowell ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Ba a jima ba ya ga wani yaron da irin kumburin a Jinja, shi kuma har da ƙari a ciki. Likita na yau da kullum zai ce abin mamaki, ya wuce zuwa gado na gaba. Burkitt ya koma ɗakin ajiyar fayiloli ya tono na yaran da aka taɓa kawowa da ƙari a muƙamuƙi, ya ga cewa da yawansu suna da ƙari a ƙoda, ko a ƙwan mace, ko a bayan ido. Kafin nan kowane ƙari da sunansa daban, gwargwadon inda ya fito a jiki. Shi ya ce cuta guda ce take fitowa ta ƙofofi da yawa. A 1958 ya buga wannan a mujallar British Journal of Surgery, da bayanin yara 38. Ku lura da abu biyu. Na farko, ba shi ne ya fara ganin ciwon ba. Albert Cook, likitan mishan a asibitin Mengo, ya rubuta irinsa a littafin marasa lafiyarsa tun farkon ƙarni, kuma a Legas, Smith da Elmes sun buga nazarin ƙari 500 na 'yan Najeriya a 1934. Idanu da yawa sun gani, ba wanda ya haɗa. Na biyu, sunan da ya ba ciwon a kan maƙalar kuskure ne, domin ya kira shi sarkoma. Masana binciken nama na Makerere, Jack Davies da Gregory O'Conor, su ne suka tabbatar cewa limfoma ce, wato ciwon daji na ƙwayoyin garkuwar jiki, dangin waɗanda ke cikin kaluluwa. Maƙalar ta fito, duniya ta yi mata shiru. Sai da ya sake rubutawa tare da O'Conor a mujallar Cancer ta Amurka a 1961 masana suka fara waiwayowa.

A tsakanin waɗannan shekarun na shiru ya yi aikin da ba kwamitin da zai ba shi maki ko ɗaya a kansa. Ya sami ɗan tallafi da bai wuce fam 25 ba, ya buga takardu ɗauke da hoton yaran, ya aika ta gidan waya zuwa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka, yana tambaya: kun taɓa ganin wannan? Amsoshin da suka dawo ya riƙa soka su da fil a jikin taswira, har wata ɗamara ta bayyana a tsakiyar nahiyar daga yamma zuwa gabas, da jela da ta gangara gaɓar tekun gabas zuwa Mozambik. A ƙarshen 1961 shi da likitoci biyu na mishan, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford suka yi mako goma suna zagaya asibitoci sama da 50, tafiyar kusan kilomita 16,000, don su gano bakin iyakar ciwon. Suka tarar cewa tudu ne ke tsayar da shi: kusa da layin da ya raba duniya biyu ba a samunsa a kan tsaunuka masu tsayi, kuma yayin da aka gangara kudu, tsayin da yake iya kaiwa sai ya riƙa raguwa. Alexander Haddow, masanin ƙwari na cibiyar binciken bairos da ke Entebbe, shi ya fassara wannan: sanyi ne iyakar, ciwon ba ya zama inda ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da kimanin digiri 15. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma sai ya sami rabin amsar da ya rage. A kudancin Najeriya mai yawan ruwa ciwon ya yi yawa, a Kano kuwa, duk da cunkoson jama'arta, ya ji cewa da wuya ake ganinsa. Zafi da damshi ke nan, kuma duk mai noma a fadama ya san wanda ke son waɗannan biyun. A 1962 sakamakon ya fito a Nature, da British Medical Journal, da British Journal of Cancer.

Yanzu mu zo inda nake ganin hujjata ta fi ƙarfi. Ranar 22 ga Maris 1961, Burkitt yana hutu a Ingila, ya gabatar da lacca ga ma'aikatan asibitin Middlesex a Landan, kan ciwon dajin da ya fi kama yara a Afirka mai zafi wanda ba a gane shi ba a da. A cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya shafe shekaru yana nazarin bairos da ke jawo ƙari a jikin kaji. A lokacin an san cewa bairos na haddasa ciwon daji a kaji da ɓeraye, amma yawancin masana ba su yarda hakan na faruwa ga ɗan Adam ba. Da Epstein ya ji cewa ga ciwon daji mai bin zafi da ruwan sama, sai ya ajiye abin da yake yi, ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da naman ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Kusan shekara uku ba abin da ya samu. A watan Disamba na 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Manchester, samfurin ya makara, ruwan da aka sa shi ciki ya iso a gurɓace. Da ya duba a madubin likita sai ya ga ba ruɓa ba ce, ƙwayoyin ƙarin ne suka saki jikinsu suna yawo a raye. Daga nan shi da Yvonne Barr suka iya renon su a kwalba, kuma a Fabrairun 1964, da taimakon Bert Achong a kan madubin lantarki, suka ga bairos a cikinsu. Maƙalar ta fito a Lancet a watan Maris, shafi biyu kacal. Wannan shi ne bairos na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin mutum, wanda yau ake kira Epstein-Barr. Sunan Burkitt yana cikin kanun maƙalar a matsayin sunan cuta, amma ba ya cikin jerin marubuta. Laccar da ta haifar da komai ba a buga ta a ko'ina a matsayin maƙala ba. Abu mafi girma da aikinsa ya jawo ya bi ta hanyar baki da kunne da akwatin jirgi, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da gurbi a fom ɗin ƙarin girma.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure kai ga mai ƙirga: hasashen da ya tura Epstein neman bairos bai zama daidai ba. An zaci sauro ne ko wani ƙwaro ke ɗauke da bairos ɗin daga mutum zuwa mutum. Werner da Gertrude Henle, miji da mata masu bincike a Philadelphia, suka gano cewa bairos ɗin yana ko'ina a duniya, sama da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, ta yawu yake yaɗuwa, kuma a 1968 suka nuna shi ke jawo wani zazzaɓi mai kumbura kaluluwa da ke kama matasa a Turai da Amurka. To idan yana ko'ina, me ya sa ciwon ya taru a ɗamarar Afirka da ƙasar Papuwa Niugini? Amsar ita ce zazzaɓin cizon sauro. Gilbert Dalldorf ya kawo wannan shawara a 1964, Burkitt da George Kafuko na Yuganda suka ƙarfafa ta a 1970: inda maleriya ke kama yaro akai-akai duk shekara, tana tunzura ƙwayoyin garkuwarsa su yi ta rabuwa, tana kuma raunana ikon jiki na danne bairos ɗin. Sauron yana cikin labarin, sai dai ba aikin da aka ɗora masa da farko yake yi ba. Taswirar ta tsaya daram, fassarar ce aka gyara. Kuma daga ɗakin gwajin su Henle ne wani matashin Bajamushe, Harald zur Hausen, ya koyi aikin, ya nuna a 1970 cewa ƙwayar gadon bairos ɗin tana zaune a cikin naman ƙarin kansa, daga baya ya juya ga sankarar bakin mahaifa ya gano bairos na HPV da ke haddasa ta, ya karɓi kyautar Nobel a 2008. Rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata a Najeriya a watan Oktoba na 2023 reshe ne na wannan bishiya. Ba ina cewa Burkitt ne ya samar da shi ba. Ina cewa ƙofar da aka bi, ta yarda cewa bairos na iya jawo wa mutum ciwon daji, a Kampala aka fara tura ta.

Wani reshen ya bi ta cikin ƙwayar halitta. A 1972 Manolov da Manolova suka lura da wani ƙarin tsayi a kuromosom na 14 a ƙwayoyin wannan ciwo, a 1976 aka gane cewa guntun na 8 ne ya tsinke ya manne a can, a 1982 kuma ƙungiyar Carlo Croce da ta Philip Leder suka nuna cewa wannan musanya tana ɗauko ƙwayar gado mai suna MYC, mai umartar tantani ya rabu, ta ajiye ta kusa da wurin da ke aiki ba dare ba rana wajen ƙera garkuwar jiki. Shi ya sa wannan ƙari ke iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Dubban maƙalu sun biyo baya, kuma mafi yawansu suna rubuta sunan Burkitt ba tare da sun kafa hujja da maƙalarsa ba, kamar yadda ba wanda ke ambaton mai haƙa rijiya kullum ya ja guga. Masanin zamantakewar kimiyya Robert Merton ya yi bayanin wannan tun tuni: idan bincike ya shiga jinin fanni, sai a daina ambaton tushensa, saboda ya zama abin da kowa ya sani. Ma'ana, akwai matakin da tasiri ke kaiwa inda lissafin ambato zai fara raguwa saboda tasirin ya cika.

Kan magani ba zan daɗe ba, ko da yake shi ya fi shafar iyaye. Babu na'urar gashi a Yuganda a lokacin, tiyata kuma ba ta da amfani ga ciwon da ya bazu. Burkitt ya roƙi kamfanonin magani su ba shi methotrexate da cyclophosphamide kyauta, Peter Clifford da Herbert Oettgen suna irin wannan gwaji a Nairobi. Aka ga ƙarin da ya cika fuskar yaro yana narkewa cikin makonni, wasu yaran ma suka warke sarai da allura ɗaya ko biyu. Wannan na cikin hujjoji na farko da suka nuna cewa magani kaɗai na iya warkar da ciwon daji. A 1972 aka ba shi kyautar Lasker tare da wasu masu bincike, aka kuma zaɓe shi cikin Royal Society ta Landan.

To, mai ja da ni zai ce: ai lissafin ya kamo gaskiya daga baya, yau maƙalar 1958 tana cikin waɗanda aka fi ambata a fanninta, saboda haka alƙaluma ba su yi ƙarya ba. Wannan magana tana da ƙafa, amma tana mantawa da lokaci. Ma'aunin darajar mujalla da Eugene Garfield ya kafa yana duba ambaton shekara biyu ne kawai bayan bugawa, kuma waɗannan su ne ainihin shekarun da aka yi wa maƙalar shiru. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 yana saka wa mai maƙalu da yawa masu matsakaicin ambato fiye da mai guda biyu da suka juya fanni. Kwamiti ba ya zama bayan shekara hamsin, yau yake zama, yau yake yanke wa mutum ko za a ba shi kuɗin mota da mai. Da an auna Burkitt a 1960, da an ga likitan fiɗa mai shekara 49 da 'yan maƙalu, ɗaya kan gwaiwa, ɗaya kan wani ƙari da ya saka wa sunan da ba nasa ba. Duk da haka dole in yi adalci ga masu ƙirga. A inda sanayya da ɓangaranci ke iya shiga zaman kwamiti, lamba tana kare marar uba a gindin murhu, domin ba a iya musun cewa maƙala goma sha biyar sun fi biyar yawa. Wannan kariya ce ta gaske, kuma wanda zai cire ta sai ya kawo abin da zai maye gurbinta. Masana da editocin da suka fitar da sanarwar San Francisco a kan auna bincike, wadda aka tsara a 2012, ba su ce a ƙone alƙaluma ba. Sun ce kada darajar mujalla ta tsaya a madadin karanta abin da mutum ya rubuta. Ƙirga ta zama ƙofar shiga, sa'an nan a zauna a karanta maƙala uku da mai fayil ya zaɓa da kansa, a tambaye shi wa ya yi amfani da su, kuma me ya canja.

Ja na biyu ya fi kaifi, kuma daga cikin fayil ɗin Burkitt ɗin yake fitowa. Wani zai ce: idan ka bar lamba ka koma ga shahara da labarin tasiri, ai ka buɗe ƙofar da suna zai rinjayi hujja. Gaskiya ne, kuma rabin rayuwarsa na biyu ya nuna haka. Bayan ya koma Landan a 1966, ya haɗu da likitan sojan ruwa Peter Cleave, ya karɓi ra'ayin cewa abincin da aka tace aka cire masa dusa shi ne tushen cututtuka da yawa na Turawa. A 1971 ya buga maƙala a Cancer yana danganta ciwon dajin babban hanji da ƙarancin harza a abinci, a 1975 shi da Trowell suka fitar da littafi a kai, a 1979 ya rubuta wani don jama'a wanda ya yi kasuwa a ƙasashe da dama. A idon talakan Ingila da Amurka, wannan ne Burkitt, mutumin dusa. Hanyar ita ce dai ta da: duba inda cuta take da inda ba ta. Amma a wannan karon bambancin ƙauyen Yuganda da birnin Landan ba harza kaɗai ba ne. Akwai nama, da ƙiba, da zirga-zirgar jiki, da tsawon rai, da kuma yawan waɗanda ke mutuwa a gida ba a taɓa duba hanjinsu ba. Da aka zo gwaji, sakamako ya rabu. Babban nazarin ma'aikatan jinya na Amurka a 1999 bai ga kariya ba, gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2000 sun ƙara wa mutane harza ba su ga raguwar tsiron hanji ba, sai kuma babban nazarin Turai na 2003 ya ga cewa masu cin harza da yawa sun fi tsira. Inda masana suka fi karkata yau shi ne cewa hatsi da dusarsa yana rage haɗarin, amma ba da girman da Burkitt ya yi wa'azinsa ba. Wannan bai rushe hujjata ba, ya dai tsaurara ta. Bin sawu yana nufin bin sa har inda ya ɓace. Mai karanta fayil da gaske zai ce aikin limfoma ya haifi fannoni uku kuma ya jure gwaji, aikin harza ya tayar da tambaya mai kyau ya kuma zarce hujjarsa. Mai ƙirga zai tara su wuri guda, watakila ma na biyun ya fi ba shi maki.

Ja na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ya shafe mu kai tsaye. Sunan mutum guda aka ɗora wa ciwon a wani taro a Paris a 1963, Bature, ma'aikacin mulkin mallaka, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sebastian Kyalwazi, likitan tiyata ɗan Yuganda, ya yi aikin maganin tare da shi a Mulago. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ke koyar da tiyata a Ibadan, ya yi nasa gwajin maganin a kan yaran Najeriya, kuma yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Lasker a shekarar da Burkitt ya karɓa, amma ɗalibanmu nawa ne suka san haka? A Ibadan ɗin ne Robert Pulvertaft ya reni ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan shekara 11 a 1963, kuma zuriyar waɗannan ƙwayoyi har yau tana raye a ɗakunan gwaji na duniya, ana gwada magunguna a kanta. Babatunde Osunkoya ya ci gaba da wannan aiki a can. Francis Nkrumah ya jagoranci aikin wannan ciwo a asibitin Korle Bu na Accra shekaru da yawa. Charles Olweny ya riƙe cibiyar ciwon daji ta Yuganda, wadda aka buɗe a 1967, a zamanin Idi Amin bayan baƙin likitoci sun watse, ya ci gaba da bin yaran da aka yi wa magani har ƙauyukansu. Bayan waɗannan akwai waɗanda ba su da suna a ko'ina: ma'aikacin jinya da ya amsa takardar Burkitt daga wani asibitin daji, akawun da ya adana fayil, da iyayen yara 42,000 na yankin West Nile da suka bari aka ɗebi jinin 'ya'yansu don nazarin da Guy de-Thé ya buga a 1978. Wannan ja ba ya kare ƙirga, ƙara tona ta yake yi. Jerin marubuta da jerin ambato suna bin inda mujalla take, da harshen da ake bugawa, da wanda ke da kuɗin zuwa taro. Idan lissafi ya kasa ganin laccar Burkitt a Landan, ina ga aikin Olweny a Kampala ta 1975? Hanyar da nake kira gare ta, ta bin abin da aiki ya haifar da kuma hannayen da ya bi, ita ce kaɗai za ta fito da waɗannan mutane.

Akwai ma'auni guda da ya rage, kuma a kansa fayil ɗin bai rufu ba. Burkitt ya rasu a 1993. A ƙasashe masu arziki, kusan yara tara cikin goma masu wannan ciwo suna warkewa yau. A ƙasashen da aka gano shi, aka kuma fara warkar da shi, adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, saboda ana kawo yaro a makare bayan an sha yawon neman magani, ko kuɗi ya ƙare a tsakiyar allurai, ko babu jinin ƙari da maganin kashe ƙwayoyin cuta da za su riƙe shi ya jure magani mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan daji shida na yara da ta ba fifiko a shirinta na 2018, da burin kai warkewa kashi 60 cikin 100 nan da 2030. Aikin da zai cike wannan giɓi, na rajistar masu ciwo, da bin yaro gida, da koya wa ma'aikacin asibitin ƙauye cewa kumburin muƙamuƙi mai saurin girma da haƙora masu girgiɗi ba ciwon haƙori ba ne, irin aikin takardun gidan waya ne, mai cin shekaru ya haifi maƙala ɗaya.

Ga ɗalibanmu na likitanci kuma, abin da Burkitt ya ji game da Kano ya cancanci a riƙa sake auna shi. Bayanin asibiti ne na farkon shekarun 1960, lokacin da yaron karkara da wuya ya kai gaban likita, kuma kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kafin noman rani ya shimfiɗa ruwa a Kadawa da Kura wata goma sha biyu. Idan bayanin maleriya daidai ne, to inda sauro ya daina hutun rani ya kamata taswirar ta motsa. Kayan aikin amsa wannan suna cikin ɗakunan ajiyar fayiloli na asibitocinmu a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi: sunan ƙauyen kowane yaro, da shekarar da aka kawo shi, da nisan gidansu daga ruwa.